Lasisin masu aikin famfo a Teksas: dokar da ta kusa faɗuwa a 2019

A ƙarshen watan Mayun 2019 'yan majalisar dokokin jihar Teksas ta Amurka suka rufe zama, kowa ya kama gabansa, ba tare da sun sabunta wa'adin hukumar da ke yi wa masu aikin famfo jarrabawa tana ba su lasisi ba. Abin bai tsaya kan hukumar ba. Dokar da ta kafa ta, wadda ta hana kowa yin aikin bututun ruwa ko na gas a gidan wani don kuɗi sai da lasisi, ita ma za ta bi ta ranar 1 ga Satumba. Mutane kimanin 58,000 ne ke riƙe da lasisi ko rajistar hukumar a lokacin, a jihar da al'ummarta ta kusa miliyan 29. Majalisar Teksas kuwa sau ɗaya take zama a shekara biyu, na kwana 140, don haka in ba gwamna ya kira zaman gaggawa ba, sai 2021 za a sake waiwayar maganar. Da an tafi a haka, kowane birni ne zai zauna ya tsara wa kansa wanda ya cancanci a kira shi mai aikin famfo.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa, to sai me? Mu nan mai gyaran famfo ta bakin maƙwabci ake samunsa. Shaidarsa ita ce aikin da ya yi wa wane da sunan ubangidan da ya yaye shi. A Najeriya akwai masu takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, amma da wuya maigida ya nemi ganinta kafin ya ce a fasa masa bango. Tambayar tana da ma'ana, kuma amsarta tana cikin yanayin aikin kansa.

Kuskuren kafinta a fili yake, ƙofa ta ƙi rufuwa ka kira shi ya gyara. Kuskuren mai aikin famfo yana binne a ƙasa ko cikin bango, kuma sau da yawa wanda zai sha wahalarsa ba shi ya ɗauke shi aiki ba. A ɗauki misali mafi sauƙi. Mutum ya jona tiyo a famfo, ya tsoma bakinsa cikin bokitin maganin feshi yana cikawa. Ana cikin haka babban bututun titi ya fashe, ko 'yan kwana-kwana suka buɗe ruwa da ƙarfi a gaba. Ƙarfin ruwan layin ya faɗi, sai bututun ya juya yana zuƙa maimakon turawa, abin da ke cikin bokitin ya koma layin da unguwa ke sha. Duk wanda ya zauna a garin da ruwan famfo ke zuwa yana ɗaukewa, bututu kuma yana ratsa kwata, ya san wannan zuƙar, ko da bai san dalilinta ba. Maganinta ɗan ƙaramin abu ne: tazara tsakanin bakin famfo da saman ruwan da ke ƙasa, ko na'urar da ke hana ruwa komawa baya. Sai dai wanda ba a koya masa ba ba zai san yana buƙatarta ba, domin ruwa na zuwa, maigida kuma ya gamsu ya biya.

Teksas ta ga irin wannan da idonta. A Disamban 2016 aka hana mutanen birnin Corpus Christi, sama da 300,000, shan ruwan famfo da wanka da shi na kusan kwana huɗu, bayan wani sinadarin haɗa kwalta ya koma cikin layin ruwa daga wata masana'anta. Tun kafin nan, a 1933, lokacin babban bajekolin duniya a birnin Shikago da ke wata jihar Amurka, haɗuwar bututun ƙazanta da na ruwan sha a wasu otal biyu ta yaɗa atuni, mutum 98 suka mutu. Baƙi ne da suka zo kallo suka koma garuruwansu da cutar.

A Teksas kuma aikin bututun gas na cikin gida yana hannun masu aikin famfo ne, har da bututun iskar numfashi na asibitoci, wanda ke da ƙarin jarrabawarsa daban. Shi ya sa duk lokacin da ake gardama kan lasisi sai ka ji sun tuno da makarantar garin New London da ke gabashin Teksas. Ranar 18 ga Maris 1937, gas ɗin da ke yoyo daga wani haɗin da aka yi don rage kuɗin ɗumama azuzuwa ya taru a ƙarƙashin ginin, tartsatsin wani inji ya tayar da shi, kusan mutum 300 suka rasu, akasarinsu yara. Gas ɗin ba shi da wari, ba wanda ya ji shi. Dokokin da suka biyo bayan wannan musiba kai tsaye su ne na zuba wa gas sinadari mai wari da na yi wa injiniyoyi rajista. Ta masu aikin famfo sai bayan shekara goma ta zo.

Kafin wannan doka ta 1947, tsarin da ake bi shi ne ainihin wanda aka kusa komawa a 2019. Tun 1897 jihar ta ɗora wa birane alhakin tsara ƙa'idojinsu da kafa kwamitocin jarrabawa nasu. Lasisin da birni ya bayar a cikin birnin kawai yake aiki, kuma da wuya wani birni ya karɓi na wani. Gwanin da ya ci jarrabawa a Dallas, in aiki ya kai shi Fort Worth da ke maƙwabtaka, sabon shiga ne. Jarrabawar wani wuri mai tsauri ce, ta wani wuri suna ce kawai, kuma inda 'yan gari ne ke jarraba baƙon da ya zo neman aiki a kasuwarsu, ba sai an faɗi abin da kan iya faruwa ba. Dokar 1947 ta tattara wannan duka ta ba hukuma ɗaya: jarrabawa ɗaya, lasisi ɗaya, mai aiki a ko'ina cikin jihar. Gwamna ne ke naɗa mambobinta tara, cikinsu akwai masu sana'ar, da injiniya, da magina, da wakilan jama'a.

Matakan sana'ar a jere suke. Mutum yakan fara da rajistar ɗan koyo, yana aiki ƙarƙashin mai lasisi ana ƙirga masa awanni. In ya tara awa 4,000, wato kusan shekara biyu, yana iya neman ƙaramin lasisi, wanda ke ba shi damar aiki a gidajen zama na iyali ɗaya ko biyu kawai. In ya kai awa 8,000 sai ya zauna jarrabawar gwani. Bayan wasu shekaru a wannan matsayi sai ta babban gwani. Kuma ko babban gwani ba zai buɗe kamfani yana karɓar kwangila ba sai ya yi rajista a matsayin mai ɗaukar alhaki, ya nuna inshorar aƙalla dala 300,000. Kowace shekara ana sabunta lasisi, da sharaɗin awa shida na ƙarin karatu. Maigida dai doka ta bar shi ya yi aikin gidan da yake zaune a ciki da hannunsa.

Birane ba su fita daga lissafi ba. Jiha ce ke cewa wane ne ya cancanta, birni kuma ke cewa yadda za a yi aikin da kuma ko an yi shi daidai. Houston da Austin, babban birnin jihar, suna bin wani kundin ƙa'idoji, Dallas da San Antonio suna bin wani, dukansu biyu dokar jiha ta amince da su. Kafin a fara babban aiki, mai ɗaukar alhaki ne zai je ofishin birni ya yanki takardar izini. Kafin a zuba kankare ko a rufe bango, sufeton birni zai zo. Za a toshe bututun ƙazanta a cika shi da ruwa a ga ko zai ragu, a hura iska a layin gas a sa ido kan allurar ma'auni. In allurar ta sauka, akwai yoyo, ba za a rufe ba sai an nemo shi. Shi kansa sufeton da lasisin hukumar jiha yake aiki. Wannan rabon aikin, a ganina, shi ne abu mafi kyau a tsarin Teksas, kuma shi ne aka kusa wargazawa.

Yadda aka kai ga haka ya samo asali ne daga wata doka ta 1977. A Teksas kusan kowace hukumar gwamnati tana da ranar mutuwa a rubuce cikin dokar da ta kafa ta, yawanci bayan shekara 12. Kafin ranar ta zo, wani kwamiti mai suna Sunset yakan bincike ta ya ba majalisa shawara: a bar ta, a gyara ta, ko a haɗe ta da wata. In majalisa ba ta zartar da dokar ci gaba ba, hukumar ta mutu da kanta. Manufar mai kyau ce, domin tana tilasta wa kowane ofishi ya kare dalilin zamansa.

Binciken hukumar masu aikin famfo ya faɗo a mummunan lokaci. A watan Agustan 2017 guguwar Harvey ta afka wa gabar tekun jihar, ta zauna kan yankin Houston tana zubar da ruwa kwana da kwanaki, gidaje dubbai suka nutse. Ana neman masu gyara ruwa a jallo, ga kuma mutanen da suka cika awanninsu suna zaune a layin jarrabawa. Rahoton da ma'aikatan Sunset suka fitar a ƙarshen 2018 bai yi wa hukumar da sauƙi ba. Jiran jarrabawa yana kai wa wata takwas. A Austin kaɗai ake yin ta. Binciken tarihin laifi na masu neman lasisi bai kai yadda ya kamata ba, ga shi mutane ne masu shiga har ɗakunan kwanan jama'a. Akwai kuma sharaɗin takardar kammala sakandare ga mai neman lasisin gwani. Shawarar kwamitin ita ce a rushe hukumar, a mayar da aikinta ga babban sashen ba da lasisi na jihar, wanda dama shi ke kula da masu aikin lantarki da na na'urar sanyaya ɗaki.

Ya kamata a tsaya a kan wannan jiran na wata takwas, domin nan ne lasisi ke juyewa daga kariyar jama'a ya zama shinge. Mutum ya yi shekara huɗu yana haƙa rami, yana rarrafe a ƙarƙashin gidaje, ya cika duk abin da aka nema. Amma har yanzu albashin ɗan koyo yake karɓa, ba zai je aiki shi kaɗai ba, saboda kawai babu kujera a ɗakin jarrabawa. In ɗan El Paso ne, zai yi tafiyar sama da kilomita 900 zuwa Austin, kusan nisan Kano da Legas, ya biya masauki, ya bar aikin kwanaki. In ya faɗi wani sashe, ya sake shiga layi. Wannan jiran bai ƙara wa ruwan kowa tsabta ba. Abin da ya ƙara shi ne kuɗin da mai gidan da ambaliya ta ɓata zai biya, da kuma yawan waɗanda za su gaji su kira marar lasisi a ɓoye. Haka sharaɗin sakandare: wanda ya iya lissafin gangaren bututu kuma ya ci jarrabawar da aka tsara don sana'ar, ban ga abin da takardar makaranta za ta ƙara tabbatarwa a kansa ba.

Masu sana'ar ma suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Jarrabawar Teksas ba ta takarda kaɗai ba ce. Akwai sashen aikin hannu, inda ake ajiye wa mutum ɗan ƙaramin samfurin gida mai hawa biyu, da ƙananan bututu da mahaɗai, a ce ya shimfiɗa masa layin ƙazanta da na shan iska. A nan ake gane wanda ya fahimci aikin. Ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu da kowane masai akwai lanƙwasar da ke riƙe ɗan ruwa, wannan ruwan ne ke tare warin masai da iskarsa mai guba kada su shigo ɗaki. In ba a ba layin hanyar shan iska daidai ba, wani ya ja ruwa a bene sai ya zuƙe ruwan lanƙwasar da ke ƙasa, ƙofa ta buɗe wa iskar. A takarda ana iya haddace amsar. A kan samfurin sai wanda ya san inda iska ke bi. Tsoron masu aikin famfo shi ne babban sashen da ke kula da sana'o'i barkatai zai mayar da jarrabawar ta zama ta kwamfuta zalla, kuma waɗanda ba su taɓa riƙe sifana ba su riƙa yanke hukunci kan sana'arsu. Sun kuma ce hukumar tana tara kuɗin lasisi fiye da abin da majalisa ke ware mata, ragowar yana shiga baitulmalin jiha, don haka wanda ya hana ta ma'aikata bai kamata ya zarge ta da jinkiri ba.

Ƙudirin da aka kawo, mai lamba 621 a majalisar dattawan jihar, ya bi shawarar kwamitin. A majalisar wakilai aka yi ta ja-in-ja, wasu na son a ba hukumar ƙarin lokaci ta gyara kanta. Da sigar ƙarshe ta dawo daga kwamitin sasanta majalisun biyu, wakilai suka kayar da ita a kwanakin ƙarshe na zama. Ƙoƙarin ceto hukumar ta wata hanya bai yi nasara ba kafin lokaci ya ƙure. Kusan babu wanda ya fito yana neman a soke lasisi gaba ɗaya. Ɓangare ɗaya na son a mayar da shi wani ofishi, ɗayan na son a bar shi inda yake, sai gardamar ta kai su ga abin da ba wanda ya nema.

Da an bar abin ya tabbata, manyan birane masu kuɗi da ma'aikata za su iya kafa nasu tsarin. Amma Teksas tana da gundumomi 254 da garuruwa sama da 1,200, kuma yankin Dallas ko na Houston kaɗai ya ƙunshi ƙananan birane da dama da ke manne da juna, inda mai aikin famfo kan ratsa uku ko huɗu a yini guda. Kowanne zai iya neman nasa kuɗin rajista da tasa jarrabawar. Ƙananan garuruwa da karkara kuwa za su zauna babu komai. Ba hasashe ba ne kawai, domin akwai jihohin Amurka da haka tsarinsu yake, irin su New York da Pennsylvania da Kansas, inda birni ko gunduma ke ba da lasisi. A birnin New York ana neman shekara bakwai na aiki kafin lasisin babban gwani, kuma wannan lasisin ba ya bin mai shi zuwa sauran sassan jihar kai tsaye. Irin wannan tsari yana tsananta wa gwani na gaskiya, wanda ke son bin doka, ya kuma sassauta wa ɗan damfara, wanda in an kore shi a wannan gari zai tsallaka titi ya ci gaba a wancan, ba tare da wata rajista guda da za ta tona shi ba.

Masu sana'ar suka tayar da ƙura, suka nemi gwamna Greg Abbott ya kira zaman gaggawa. Bai kira ba. Ranar 13 ga Yuni 2019 sai ya fitar da umarnin zartarwa. Ya dogara da dokar bala'o'i ta jihar, wadda ta ba gwamna ikon dakatar da wasu tanade-tanaden doka a lokacin bala'i, ya ce har yanzu ana gyaran ɓarnar Harvey kuma ana buƙatar ƙwararrun masu aikin famfo, saboda haka ya jingine sashen da zai kashe hukumar har zuwa 31 ga Mayu 2021. Washegari duk da haka dubban masu aikin famfo suka yi gangami a harabar majalisa a Austin. Sakamakon umarnin ya yi daidai, amma hanyar da aka bi tana da damuwa. Guguwar da ta wuce da kusan shekara biyu ce aka jawo don a gyara abin da majalisa ta kasa yi. Ikon da aka ba gwamna don ceton rai a lokacin ambaliya, in ya zama abin warware rikicin 'yan majalisa, gobe wani zai iya amfani da shi a kan abin da jama'a ba su so.

Sai ga Fabrairun 2021. Wani sanyi mai tsanani ya sauko har kudancin jihar, wutar lantarki ta ɗauke wa gidaje da wuraren kasuwanci sama da miliyan huɗu, hukumomin lafiya na jihar daga baya suka ƙirga mutum 246 da suka rasu. Gidajen Teksas don zafi aka gina su, bututu na bi ta cikin rufi da bangon waje babu abin rufa. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi tara cikin ɗari, ya tsaga bututu, amma ba a ganin ɓarnar sai ƙanƙara ta narke, silin ya jiƙe ya rufto kan gado. Ruwan da ke zuba daga dubban gidaje lokaci guda, haɗe da rashin wuta a matatun ruwa, ya karya ƙarfin layuka, aka umarci mutane sama da miliyan 14 su tafasa ruwa kafin su sha. Masu aikin famfo suka cika da kira, kayan gyara suka yanke a shaguna.

Abin da gwamnati ta sassauta a wannan mako ya fi duk rahoton kwamiti bayyana gaskiyar lamarin. An ba masu lasisin wasu jihohi izinin wucin gadi su shigo su yi aiki. An sauƙaƙa wa waɗanda lasisinsu ya ƙare su dawo ba tare da sun fara cika awannin ƙarin karatu ba. An bar 'yan koyon da suka cika sauran sharuɗɗa su yi gyara ba sai mai lasisi na tsaye a kansu ba. Amma an bar sharaɗi guda a wurinsa: dole su kasance ƙarƙashin kulawar babban gwani mai ɗaukar alhaki, wanda in aiki ya ɓaci akwai sunansa, akwai inshorarsa, akwai lasisin da za a iya ƙwacewa. Iyakar jiha da layin jira su aka fara ɗagewa da abu ya yi tsamari. Awannin koyon sana'a da ɗaukar alhaki ba wanda ya yi gigin taɓa su. Kuma duk wannan ya yiwu cikin kwanaki ne saboda ofishi ɗaya ke riƙe da rajistar. Da birane ɗaruruwa ne kowanne da tasa dokar, da mai motar da ya tuƙo daga wata jiha mai nisa zai fara da neman izini gari-gari alhali gidaje na cika da ruwa.

Majalisar da ta zauna a 2021 ba ta sake maganar rushewa ba. A watan Mayun 2021 aka sa hannu kan ƙudiri mai lamba 636 na majalisar wakilai, wanda ya bar hukumar a matsayinta ya tsawaita wa'adinta zuwa 2027. An wajabta binciken tarihin laifi ta hanyar zanen yatsa. Sharaɗin takardar sakandare ya tafi. An buɗe ƙofar gudanar da jarrabawa a wajen ofishin Austin, daga baya sashen rubutu ya koma kan kwamfuta a cibiyoyi daban-daban na jihar, aka kuma buɗe wata cibiyar gwajin aikin hannu a Waco. Yawancin gyare-gyaren da kwamitin Sunset ya nema an yi su, sai dai a cikin gidan da masu sana'ar suka dage a bar musu. Awa 8,000 na gwani da inshorar mai ɗaukar alhaki suna nan yadda suke, takardar izini da ziyarar sufeto kuma har yanzu a hannun birni suke.